Yadda Ake Lissafa Shekarun Wanda Ya Yi Tafiya da Gudun da Ya Kusa Kai Na Haske

Tun 1905, lokacin da Albert Einstein ya fitar da nazariyyarsa ta dangantaka ta musamman yana ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan, aka san cewa agogo biyu da suka rabu, kowanne ya bi hanyarsa, ba lallai ne su dawo suna nuna lokaci ɗaya ba. Wanda ya yi tafiya mai tsananin gudu ya juyo zai tarar shekarun da suka wuce masa ba su kai na wanda ya bari a gida ba. Mutane da dama sun ji wannan magana, sai dai sun ɗauka lissafinta na farfesoshi ne. Ba haka ba ne. Biro da takarda da kalkuletar wayarka sun isa, in dai tana da maɓallin √ da na ln. A wayoyi da yawa sai ka kwantar da wayar a gefe kafin su bayyana.

Za mu yi aiki da misali guda har ƙarshe. Ga tagwaye, Hassan da Hussaini, shekarunsu 30, da ƙanensu Gambo mai shekara 27. Hassan ne zai shiga kumbo ya nufi tauraron Sirius, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, wanda kuma aka ambata a Suratun Najmi. Shi ne tauraron da ya fi kowanne haske da dare, kuma lokacin hunturu kana iya ganinsa bayan isha'i ta wajen kudu maso gabas. Da ya isa zai juyo nan take.

Mataki na farko: rabu da kilomita

Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Nisan da yake ci a shekara guda, wato kusan kilomita tiriliyan 9.46, shi ake kira shekarar haske. Ma'aunin nisa ne, ba na lokaci ba. Sirius yana da nisan shekarar haske 8.6 daga nan, saboda haka zuwa da dawowa 17.2 ke nan.

Gudun kumbon kuma ka rubuta shi a matsayin kaso na gudun haske. Idan an ba ka shi da kilomita a sakan, raba da 300,000. Kumbon Hassan yana cin kilomita 240,000 a sakan, wanda ya ba mu 0.8, wato kashi 80 cikin 100 na gudun haske. Wannan lamba dole ta kasance ƙasa da 1, domin babu abu mai nauyi da ke kaiwa gudun haske. In ka samu 1 ko fiye, to ka sake duba rabawarka.

Mataki na biyu: lokacin mutanen gida

Nan babu wani sabon abu. Nisa a raba da gudu: 8.6 ÷ 0.8 = 10.75. Zuwa kaɗai shekara 10.75 a kalandar duniya, zuwa da dawowa 21.5. Hussaini zai tarbi ɗan'uwansa yana da shekara 51 da rabi, Gambo kuma 48 da rabi.

Mataki na uku: nemo rabon matafiyi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya fi kyau ka gane inda lambar ta fito kafin ka danna kalkuleta.

Ka ɗauka a cikin kumbon akwai madubi biyu, ɗaya a daɓe ɗaya a rufi, haske yana kai da komo tsakaninsu, kowane zuwa ana ƙirga shi bugun agogo ɗaya. A wurin Hassan hasken a miƙe yake hawa. Amma a lissafin Hussaini kumbon wucewa yake yi, don haka kafin hasken ya kai rufin, rufin ya riga ya matsa gaba, dole hasken ya bi a karkace. Karkatacciyar hanya ta fi miƙaƙƙiya tsawo. To ga ginshiƙin nazariyyar, wanda gwaje-gwaje suka tabbatar: gudun haske ɗaya ne a wurin kowa, ko yana zaune ko yana tafe. Tunda hasken ba zai ƙara gudu don ya cike gurbin ba, bugun agogon kumbo zai ɗauki lokaci mai tsawo a lissafin Hussaini.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake fitar da harsashin gini ya ga magini yana daidaita kusurwa da tef: uku ta nan, huɗu ta can, in tsakaninsu ya ba da biyar to kusurwa ta tsaya. Lissafin nan shi ne namu. Hasken ya yi biyar a karkace, kumbon ya yi huɗu gaba (huɗu cikin biyar shi ne 0.8), tsayin ɗakin kuma uku. Duk lokacin da Hussaini ya ƙirga biyar, Hassan uku ya ƙirga.

A kalkuleta ga yadda ake yi. Ninka gudun da kansa: 0.8 × 0.8 = 0.64. Cire shi daga 1, saura 0.36. Danna √ a kan 0.36, wato nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka 0.36. Amsa 0.6. Wannan shi ne rabon matafiyi: a duk shekara ɗaya ta duniya, 0.6 ce ke wuce masa.

A littattafan fiziks za ka fi haɗuwa da juyin wannan lamba, wato 1 ÷ 0.6 = 1.67, wadda ake kira gamma ko ma'aunin Lorentz, da sunan Hendrik Lorentz ɗan ƙasar Holan. Abu ɗaya ne. Ni dai na fi son a riƙe rabon, domin da shi ninkawa kawai ake yi, kuma wanda ke aiki da gamma yakan rikice ya ninka inda ya kamata ya raba, ya wayi gari matafiyinsa ya fi na gida tsufa.

Mataki na huɗu: shekarun Hassan

21.5 × 0.6 = 12.9. Hassan zai sauka yana da shekara 42 da kusan wata 11. Hussaini da aka haife su rana ɗaya ya ba shi shekara 8.6, kuma Gambo da ke bayansu ya zama ya girme shi da fiye da shekara biyar. Tazarar ta zo daidai da nisan tauraron, 8.6, amma wannan dacewa ce ta gudun 0.8 kawai, kada ka ɗauke ta ƙa'ida.

Abin da ya kamata a fahimta a nan shi ne ba agogon ne ya samu matsala ba. Komai na cikin kumbon tare yake tafiya: bugun zuciyar Hassan, narkewar abincinsa, tsirowar gemunsa, fitowar furfurarsa. Shi kansa ba zai ji komai ya sauya ba, minti ɗaya minti ɗaya ne a wurinsa. Kuma bai samu ƙarin rayuwa ko ta kwana ɗaya ba. Kwana kusan 4,700 ya ci ya sha ya yi barci, yayin da Hussaini ya yi kusan 7,850. Wanda zai haɗa masa guzuri, na kwana 4,700 zai haɗa. Abin da tafiyar ta yi masa kawai shi ne ta kai shi wata shekarar kalanda da ƙarancin kwanaki.

Yanzu ka canja gudun ka ga yadda rabon ke tafiya, domin ba a miƙe yake sauka ba. A 0.1 rabon 0.995 ne, kusan babu komai. A rabin gudun haske 0.866 ne. Sai ka kai 0.866 kafin ya zama rabi daidai. Daga nan ne abin ke rikitowa: a 0.99 ya koma 0.141, a 0.999 ya koma 0.045. Da Hassan ya yi tafiyar a 0.99, gida za a ƙirga shekara 17.4, shi kuma kusan biyu da rabi. A 0.999, wata tara kacal. Ka lura lokacin gida ba ya taɓa sauka ƙasa da 17.2 komai gudun kumbo, na matafiyin ne ke ta raguwa. Masanin nan na Faransa Paul Langevin, a 1911, ya kawo misalin matafiyin da gudunsa ya gaza na haske da kashi ɗaya cikin 20,000 kawai: shekara biyu gare shi, 200 a duniya. Sa 0.99995 a kalkuleta ka gani, rabon zai ba ka kusan 0.01.

Mataki na biyar: duba amsar ta ɓangaren matafiyi

Mai lura zai tsaya a nan. Zuwa kaɗai ya ɗauki Hassan shekara 6.45, nisan kuma 8.6 ne. Ashe bai wuce haske ba ke nan? Bai wuce ba. A ma'aunin wanda ke cikin kumbo, nisan da ke gabansa yana takurewa da wannan rabon dai. 8.6 × 0.6 = 5.16. Raba 5.16 da 0.8, ka samu 6.45. Lissafin biyu sun haɗu. Kuskuren yana zuwa ne idan aka ɗauki nisan Hussaini aka raba da agogon Hassan. Kowa da tef ɗinsa da agogonsa, ba a gauraya su.

Mataki na shida: ƙirga saƙonni

Akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, kuma duk wanda ya yi tunani sosai sai ya yi ta. Idan tafiya dangantaka ce, Hassan ma zai iya cewa shi ne a zaune, duniya ce ta gudu ta dawo. Me ya sa ba Hussaini ne zai zama ƙarami ba? Gaskiya ne muddin kumbon yana tafe a gudu ɗaya ba juyi, kowannensu yana lissafa agogon ɗan'uwansa ne ke jinkiri, kuma babu wanda ya yi kuskure. Hanya mafi sauƙi ta warware wannan ita ce a bar gardama a ƙirga abin da ya iso hannun kowa.

A ce sun yi alkawari kowa zai aika wa ɗan'uwansa saƙon rediyo ɗaya duk shekara, bisa nasa agogon. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya. Nemo lamba ɗaya: haɗa gudun da 1, ka samu 1.8, cire shi daga 1, ka samu 0.2, raba na farko da na biyu, 9, danna √, ka samu 3. Ma'anarta, idan suna nisantar juna saƙo ɗaya ke isowa duk shekara uku, idan suna kusantar juna kuma uku ke isowa duk shekara. Wannan ya shafi su biyun daidai wa daida.

Fara da Hassan. A shekara 6.45 na zuwa, 6.45 ÷ 3 = 2.15, wato saƙo biyu kawai ya karɓa kafin ya isa Sirius. Yana juyowa sai saƙonni suka fara zubowa: 6.45 × 3 = 19.35. Haɗa su, 21.5. Ya karɓi labarin kowace shekara ta ɗan'uwansa, babu wadda ta ɓace.

Koma kan Hussaini. Hassan ya juya a shekara ta 10.75 ta kalandar duniya, amma labarin juyin sai ya yi tafiyar shekara 8.6 kafin ya iso. Don haka har shekara 19.35 Hussaini yana ta karɓar saƙo ɗaya duk shekara uku: 19.35 ÷ 3 = 6.45. Abin da ya rage kafin kumbo ya sauka shekara 2.15 ne, a cikinsu ne saƙonni ke zuwa uku-uku: 6.45. Jimla 12.9.

A nan bambancin yake. Hassan ya ga sauyin a tsakiyar tafiyarsa, a daidai lokacin da ya kunna inji, domin shi ne ya juya. Hussaini bai gan shi ba sai dab da ƙarshe. Halin da suke ciki ba ɗaya ba ne, don haka babu wani karo a nazariyyar. Wasu kan ce girgizar birki da ta tashin inji ce ke hana matafiyin tsufa. Wannan bayani bai cika ba. Tura shi tauraron da ya ninka Sirius nisa, ya yi juyi iri ɗaya sak, tazarar shekarun za ta ninka. Juyin ne ke nuna wane ne matafiyi, amma girman tazarar daga nisa da gudu yake fitowa.

Mataki na bakwai: saka lokacin ɗaukar gudu da na birki

Duk lissafin baya ya ɗauka kumbon ya kai 0.8 cikin ƙiftawar ido, abin da babu jikin da zai jure. Abin da ya fi dacewa da ɗan'adam shi ne kumbon ya riƙa ƙara gudu da ƙarfin da ya yi daidai da jan ƙasa, mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, ta yadda na ciki zai ji nauyinsa kamar yana gida. Lambar da za ka riƙe a nan ita ce 0.97, wato gudun haske a raba da wannan ƙarfi, a ma'aunin shekara.

Lokacin gida: 0.97 × gudu ÷ rabo, wato 0.97 × 0.8 ÷ 0.6 = 1.29. Nisan da aka ci: cire 1 daga gamma, saura 0.67, ninka da 0.97, ka samu 0.65. Lokacin kumbo: ɗauki lambar nan 3 ta saƙonni, danna ln, ka samu 1.1, ninka da 0.97, ya ba ka 1.07.

Sau huɗu za a yi haka: tashi, birki a Sirius, sake tashi, birki a gida. In an yi aiki da cikakkun lambobin kalkuleta ba waɗanda aka taƙaita ba, gida shekara 5.17 ke nan, kumbo 4.26, nisa 2.59. Cire 2.59 daga 17.2, saura 14.61 da za a ci a gudun 0.8, sai ka maimaita mataki na biyu da na huɗu a kansa: 18.26 a gida, 10.96 a kumbo. Jimla gida 23.4, kumbo 15.2. Hassan ya dawo yana 45, Hussaini 53, Gambo 50.

Da injin zai ci gaba da turi ba tsayawa, rabin hanya ƙara gudu rabi birki, abin da ke fitowa yana da ban tsoro. Tsakiyar gungun taurarinmu, mai nisan shekarar haske kusan 26,000, matafiyi zai kai shi cikin shekara 20 nasa. Gungun Andromeda, mai nisan miliyan 2.5, ƙasa da shekara 30. A takarda ke nan.

Mataki na takwas: idan gudun irin na kumbunan yau ne

Nan kalkuletar waya takan yaudare ka, ta ba ka rabo 1 cif, domin bambancin ya yi mata ƙanƙanta. Ga gajeriyar hanya: ninka gudun (a matsayin kaso na gudun haske) da kansa, raba biyu, sannan ka ninka da tsawon tafiyar. Abin da ya fito shi ne tazarar kai tsaye.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana gudun kusan kilomita 7.7 a sakan. Ɗan sama jannatin Amurka Scott Kelly ya yi kwana 340 a cikinta daga Maris 2015 zuwa Maris 2016, ɗan tagwayensa Mark yana ƙasa. Yi lissafin: abin da Scott ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na sakan ba. Na'urar da ta fi kowace gudu cikin waɗanda mutum ya ƙera, Parker Solar Probe, ta kai kusan kilomita 692,000 a awa lokacin da ta gifta kusa da rana a Disamban 2024. Da za ta dauwama a haka shekara guda, gudun zai rage mata sakan shida da ɗoriya ne kawai. Na'urar Voyager 1 da aka harba a 1977 tana cin kilomita 17 a sakan. Nisa irin na Sirius zai ɗauke ta shekara kusan 150,000.

Wani abin kiyayewa: kusa da duniya akwai tasiri na biyu da lissafinmu bai ƙunsa ba. Agogon da ke nesa da jan ƙasa yana ɗan fin na ƙasa sauri, wannan kuma na nazariyyar dangantaka ta gaba ɗaya ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke kusan kilomita 20,200 a sama, gudunsu yana rage wa agogonsu kashi 7 cikin miliyan na sakan kowace rana, tsayinsu kuma yana ƙara masa 45, ribar 38. Ana gyara wannan a tsarin, in ba haka ba da taswirar wayarka ta kauce da kilomitoci cikin yini guda. A Oktoban 1971 Joseph Hafele da Richard Keating sun ɗora agogunan atom a jiragen fasinja suka zagaya duniya, sau ɗaya ta gabas sau ɗaya ta yamma. Na gabas ya dawo baya da kusan kashi 59 cikin biliyan na sakan, na yamma ya wuce gaba da kusan 273, kamar yadda lissafin tasirin biyu ya nuna.

Babbar shaidar manyan lambobin kuwa daga ƙwayoyin zarra take. Akwai wata ƙwaya da ake kira muwon, wadda ke samuwa a saman iska, fiye da kilomita goma daga ƙasa, idan haskoki masu ƙarfi daga sararin samaniya suka doki iskar. Matsakaicin rayuwarta kashi 2.2 cikin miliyan na sakan ne, wanda ko da gudun haske bai fi tafiyar mita 660 ba. Amma ga su nan suna isowa ƙasa da yawa. A cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke kusa da Janiba, a sakamakon da aka wallafa a 1977, an sa su zagaye a gamma 29.3, rayuwarsu ta kai kusan kashi 64 cikin miliyan na sakan. Ninka 2.2 da 29.3 ka gani da kanka.

Mataki na tara: kuɗin mota

Lissafi ɗaya ya rage, wanda ke nuna me ya sa Hassan bai tashi ba har yau. Makamashin da ake buƙata don kai abu wani gudu shi ne gamma a cire 1, a ninka da nauyin abun, a ninka da gudun haske sau biyu, wannan karon da mita a sakan. Ga kilo ɗaya a 0.8: 0.67 × 300,000,000 × 300,000,000, wato 6 da sifili 16 a ma'aunin jul. Duk makamashin da duniya ke amfani da shi a shekara, fetur da gas da kwal da lantarki baki ɗaya, kusan 6 da sifili 20 ne. Ke nan kumbo mai tan goma kacal zai lashe na duniya na shekara guda kafin ya kai wannan gudun. Tashar sararin samaniya ta haura tan 400, ita kuma ba ta ɗauke da guzurin shekara 15. Sannan ka ninka da huɗu saboda tashi biyu da birki biyu, ba a ma sa nauyin man da kumbon zai ɗauka ya yi birkin da shi ba, wanda shi ma sai an kai shi 0.8 tukuna.